Abin Da Na Ɗora Wa Katalina

Adireshin da ke aljihuna ƙofar wani shagon gyaran keke ya kai ni. Na tsaya a bakin titi da akwatuna biyu, ana yayyafi mai sanyi, in dubi takarda in dubi lambar ginin. Lamba dai ita ce. Amma babu ɗaki, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan mutumin da muka yi wata biyu muna magana ta waya, mutumin da yake kirana ɗan'uwa, yake zuba min Hausa tsantsa, ya ce shi ɗan Gwammaja ne a Kano, kuma ya riga ya kama min wurin zama. Na kira lambarsa, a kashe. Haka ƙasar Jamus ta tarbe ni.

Sunana Sagir, a unguwar Sheshe aka haife ni, cikin birnin Kano. Mahaifina zaren ɗinki da na surfani yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai. Na je can ne yin digiri na uku a ilimin taurari, a wata cibiyar bincike da ke wani ƙaramin gari. Labarin ɗan Gwammajan nan na sha ba da shi, duk inda aka tambaye ni wahalar tafiya, domin a cikinsa ni aka cuta. Akwai wani da ban cika bayarwa ba, shi ne zan bayar yau.

Da na rasa inda zan dosa, sai na ja akwatunan har cibiyar. Yammacin Juma'a ne, kusan kowa ya tashi. Ina zaune a kan akwati a baranda, takalmina ya jiƙe sharkaf, sai ga wata mata gajera ta fito da kofi a hannu. Ta dube ni, ta dubi kayan.

"Kai ne sabon ɗalibin Farfesa?" ta tambaya da Turanci. "Ai sai Litinin muke sa ranka."

Na gaya mata abin da ya faru, ina ƙoƙarin yin dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin, ta shiga buga waya, ta kira mutum ya kai biyar, har aka samo min ɗaki a masaukin baƙi. Sunanta Katalina, 'yar ƙasar Chile. Ta riga ta gama nata digirin, tana aiki na ɗan lokaci a ƙarƙashin Farfesar da za ta duba aikina. Washegari ita ta kai ni shagon Turkawa inda ake sayar da naman halal, ta nuna min wani masallaci a saman shagon darduma. Ba Musulma ba ce, amma ta san lokacin Juma'a, kuma ita ta sa aka ɗaga taron ƙungiyarmu ta bincike daga wannan lokacin ba tare da na roƙa ba.

Sanyin farko ya kusa kora ni gida. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Titi shiru, ka wuce mutum ba sallama ba gaisuwa. Ni da na tashi a lungun da ba ka yin taku goma ba a tambaye ka mutanen gida ba, sai in wuni ban ji an kira sunana ba in ba a ofis ba. Yajin da Umma ta ɗaura min ya ƙare a wata na uku, na ci gaba da ajiye robar ina buɗewa ina shinshinawa. Idan ta aiko saƙon murya, ba maganarta kaɗai nake saurare ba, har da abin da ke bayanta: ƙarar turmi, mai tallan kayan miya, kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda.

Aikin ne ya riƙe ni. Galaksi gari guda ne na taurari, masu yawan da ba sa ƙirguwa, duk suna juyawa a kewayen cibiya ɗaya. A tsakaninsu akwai gas mai tsananin sanyi, shi ne yake dunƙulewa ya zama sababbin taurari. A can tsakiya kuma akwai baƙin rami, abu mai nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa. Idan gas ya gangara ya isa wurinsa, tsakiyar sai ta ɗau haske mai ƙarfi, har wani lokaci ƙarfin ya kori sauran gas ɗin waje. Abin da Farfesa take son sani shi ne yadda gas yake barin gefe ya isa tsakiya, nawa yake tsayawa a hanya ya zama taurari, nawa yake wucewa ciki. Ta ba ni galaksi guda ta ce in bi sawun gas ɗinsa.

Bayanan daga hamadar ƙasar su Katalina suke zuwa, inda aka girke na'urori masu kama da dish ɗin talabijin, sai dai kowanne ya kai girman gida. Ita ce take tace bayanan ta miƙo min taswira mai tsabta. Taswirar abu ɗaya take faɗa: wannan gas yana matsowa wajenmu, wancan yana yin nisa. Ba ta faɗin ko ciki yake shiga ko waje yake fita. Galaksin kamar faifai ne da aka ɗan karkata, sai ka san wane baki ne ya fi kusa da kai kafin ka yanke hukunci. In ka ɗauki na nesa a matsayin na kusa, shiga ta koma fita, fita ta koma shiga. Ana gane bakin da ke kusa ne ta hoton ƙurar da ke galaksin, domin a nan take fin duhu. Wannan ɓangaren nawa ne, ni kaɗai.

A shekara ta biyu na samu sakamako mai kyau, irin wanda ɗalibi yake mafarki. Gas yana kwarara ciki, layi biyu, har kusa da baƙin ramin. Farfesa, wadda ba ta cika yabo ba, ta tashi daga kujera ta zo ta tsaya a bayana tana kallon kwamfutar. Ta ce ni zan gabatar da shi a babban taron da za a yi a Italiya.

Katalina ta taya ni murna, sannan ta ce, "Ka dai tabbatar da bakin da ke kusa ko?"

"Na tabbatar," na ce mata. A wani tsohon hoto na duba, sau ɗaya.

Saura kwana huɗu mu tafi, bayan cin abincin rana, ina neman hoto mai kyau da zan haska a bango, sai na buɗe wani sabon hoton galaksin. Ƙurar tana ɗaya gefen. Na koma kan tsohon, na duba da kyau, sai na ga a juye aka ajiye shi, kamar abu a madubi. Gas ɗin nan ba shiga yake yi ba. Fita yake.

Na daɗe ina kallon allon. Ofishin Farfesa taku goma ne daga kujerata, ƙofarta a buɗe. Na tuna tallafin karatuna da za a sabunta bayan taron, da takardar izinin zamana a ƙasar da ke rataye da shi. Na tuna ni kaɗai ne baƙar fata a ginin, kuma tun da na zo nake ji kamar ba ni da damar yin kuskure ko ɗaya. Na tuna na riga na gaya wa Baba cewa na gano wani abu. Sai na rufe hoton, na ce wa kaina bayan taro zan gyara a hankali, ba wanda zai lura.

A jirgin ƙasa muka tafi ni da Katalina, Farfesa ta riga mu. A hanya ta ba ni labarin aikin da ta nema a wata jami'a a ƙasarsu, kusa da garin da mahaifiyarta take. Shekara bakwai ke nan ba ta zauna a gida ba. Ta ce ɗaya daga cikin masu zaɓen, wani dattijo da kowa yake girmamawa a fannin, zai halarci taron, kuma tana fatan ya ga aikinta a cikin nawa.

Ɗakin taron ya cika. Na yi bayani lafiya, har aka tafa. Sai wani dattijo mai farin gashi a layin gaba ya ɗaga hannu. Shi ne wanda Katalina ta ambata. Ya yi magana a tausashe.

"Aiki mai kyau. Amma na san wannan galaksin tun ina saurayi. Ina ganin ka ɗauki bakin nesa a matsayin na kusa. In haka ne, gas ɗinka fita yake yi."

Idanu sun fi ɗari a kaina. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma uku ba. Amma ga abin da ya fito daga bakina:

"Wannan ɓangaren, daidaita taswirar, abokiyar aikina Katalina ce ta yi. Ni yadda ta ba ni na karɓa."

Kawuna suka juya. Tana zaune a layi na uku da littafi a cinya. Ba ta tashi ba, ba ta ce komai ba. Ta dai dube ni, kallon da ba fushi a cikinsa, kamar wadda take ƙoƙarin tuna inda ta san ni. Dattijon ya ce to, ya rubuta wani abu a takardarsa.

Awa tara muka yi a jirgin komawa, kujerarta tana kallon tawa. Da rana ta yi, ta ciro burodi da cuku, ta raba biyu, ta ajiye rabi a gabana kamar yadda ta saba, ta juya ta ci gaba da kallon taga. Ban iya taɓa shi ba.

Da muka koma, Farfesa ta kira ni ta ce kada in damu, kuskure yana faruwa, kuma ba laifina ba ne. Aka sabunta min tallafi. Katalina kuwa sai na ga an daina tambayar ra'ayinta a taro. Kullum da safe ina cewa yau zan shiga in faɗa, kullum in tashi ban faɗa ba. Da na ga ba zan iya ci gaba da haɗa ido da ita a baranda ba, sai na nemi hutu na ce zan je gida babbar Salla.

Tun daga bakin lungu aka fara. "Dakta ya dawo!" Na ce ban gama ba tukuna, ba wanda ya saurara. Maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da albarkar da zai sa. Wata gwaggota ta ce ta ji an ce na gano sabon tauraro, har Turawa sun miƙe tsaye suna tafa min. Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da na yi shekara biyu ina marmari, na yi loma uku na ture.

"Abincin can ya ɓata maka baki," in ji ta.

"Gajiya ce, Umma."

Bayan Salla da kwana uku na bi Baba kasuwa. Na zauna a kan benci a cikin rumfar, tsakanin ƙullin zare ja da kore da ruwan goro, ina kallonsa yana sallamar masu ɗinki. Da kasuwa ta ɗan lafa bayan azahar, ya juyo.

"To, Sagiru. Kowa yana ta ba ni labarin aikinka, ni ban ji daga bakinka ba. Yi min bayani yadda zan gane."

Na ɗauki murfin kwanon abincinsa, na karkata shi, na ce wannan ne galaksi. Na nuna masa yadda gas yake gangarowa daga baki zuwa tsakiya, inda yake taruwa ya haifi taurari, da abin da ke zaune a can ciki yana jira. Ya saurara sosai, yana cewa ikon Allah. Sannan ya karɓi murfin, ya miƙa hannu ya nisanta shi, ya kanne ido ɗaya.

"Amma abin da yake da nisa haka, ta yaya kake sanin wane baki ne yake wajenka? Ni daga nan ma sai in rikice."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ina da shekara talatin da ɗaya, a tsakiyar kasuwa, mutane suna wucewa. Baba bai tambaye ni komai ba. Ya miƙe, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa rumfa, ya ce min, "Tashi mu je gida."

A zaure na gaya masa duka, tun daga hoton da na rufe har abin da na faɗa a gaban mutane. Na so in fara da tallafin karatu da takardar zama, ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Ita baiwar Allahn, ita ce wadda ka ce ta samo maka wurin kwana ranar da ka sauka?"

"Ita ce, Baba."

"Kuma ta san kai ne ka yi kuskuren?"

"Ta sani."

"Ta yi shiru."

"Ta yi shiru."

Sai ya ce, "Kuskuren lissafi ba komai ba ne, kowa yana yi. Wannan ƙazafi ne. Haƙƙin mutum ne, istigfari kaɗai ba ya wanke shi. Su wa suka ji ƙaryar?"

Na ce Farfesa, da dattijon, da duk wanda ke ɗakin.

"To su za su ji gaskiyar. Ɗauko na'urarka."

A nan kan tabarma na rubuta wasiƙa zuwa ga Farfesa da dattijon. Baba ya sa na karanta masa da Hausa. Inda na rubuta cewa an samu rashin fahimta, ya ce in goge. Inda na rubuta cewa na ruɗe ne a gaban jama'a, ya ce, "Kwana huɗu kana sane, wane irin ruɗewa?" Na goge. Abin da ya rage gajere ne: kuskuren nawa ne, na gano shi kafin taro na ɓoye, kuma na ɗora wa Katalina alhali na san ba ta da hannu. Na tura.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Yanzu kira ta. Ni zan fara magana."

"Baba, ba ta jin Hausa."

"Kai ba kana ji ba? Za ka fassara. Kuma yadda na faɗa za ka faɗa, kada ka rage ko kalma."

Ta ɗauka a bugu na biyu. Na ce mata mahaifina ne yake son magana da ita. Ta ce to. Baba ya gyara zama, ya gyara hularsa kamar tana ganinsa, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Baiwar Allah, ina gaisuwa. Ni ne mahaifin Sagiru." Na fassara. "Kin karɓi ɗana yana baƙo, ba ki san shi ba, ba ki san mu ba." Na fassara. "Shi kuma ya saka miki da ƙarya a gaban mutane, don ya tsira da mutuncinsa ya zubar da naki."

Na tsaya. Ya dube ni. Na faɗa da Turanci, da bakina, kalma bayan kalma: ɗana ya yi miki ƙarya a gaban mutane.

"Ba haka muka koya masa ba, amma ɗanmu ne, kunyar tamu ce. Ba na ce ki yafe ba, wannan naki ne. Na kira ne ki ji cewa a gidansu an sani, kuma ba a goyi bayansa ba."

Sai na ji muryar Katalina.

"Ka ce wa babanka na gode. Ka ce masa ban taɓa tsammanin wani zai kira ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Aikin nan da na nema a ƙasarmu an ba wani, tun makon jiya. Kai kuma, Sagir, ban shirya magana da kai ba." Ta kashe.

"Me ta ce?" Baba ya tambaya.

Wannan ma sai da na fassara, har ƙarshe.

"Ta yi daidai," ya ce. Ya tashi ya ɗauki buta, an kusa kiran la'asar.

Na koma Jamus bayan mako biyu. Farfesa ba ta kore ni ba, amma ta sa na tsaya a gaban ƙungiyar gaba ɗaya na maimaita abin da na rubuta, kuma ta daɗe ba ta sake yarda da wani sakamako nawa ba sai wani ya duba. Dattijon ya rubuta wa Katalina da kansa ya ba ta haƙuri, sai dai kujerar aikin ta riga ta tafi. Kafin in iso ta kwashe kayanta. Ta samu aiki a wani kamfani a wani babban gari, aikin da ba ruwansa da taurari, kuma nesa da mahaifiyarta kamar da.

Na sake aikin daga tushe, ya ƙara min shekara guda. Abin da ya fito gaskiya ya fi ƙaryar ban sha'awa: baƙin ramin ne yake hura gas ɗin waje, yana hana tsakiyar galaksin haihuwar sababbin taurari. Da za a buga takardar, Farfesa ta ce sunan Katalina ne zai zo farko, in ta amince. Ta amsa wa Farfesa da layi ɗaya cewa ta amince. Ni ba ta rubuto min ba.

Yanzu na dawo, ina koyarwa, ina zaune a Sheshe gida biyu tsakaninmu da su Baba. Mutanen unguwa suna kirana Dakta, kuma yanzu sunan ya tabbata, amma har yau in na ji sai na ɗan sunkuyar da kai. Duk shekara ina rubuta mata wasiƙa guda, gajera, ba na roƙon komai. Baba ya tsufa, ya rage zuwa kasuwa. Wani lokaci muna zaune a zaure, ana cikin wata hira daban, sai ya juyo.

"Baiwar Allahn nan, ta yi magana?"

"Tukuna, Baba."

"To. Ka ci gaba da jira."